Laifin Bawan Da Bai Ci Ko Kwabo Ba

Akwai wani labari a cikin Linjila da ya daɗe yana ba ni haushi. Tun ina yaro a makarantar Lahadi nake jin sa, kuma duk lokacin da aka karanta shi sai in ji raina ya sosu, ba tare da na san dalili ba. Sai yanzu da furfura ta fara cin ƙarfin kaina na gane abin da ke damu na da shi. Ashe da ni ake.

Ni Kirista ne, Bahaushe, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Na san akasarin masu karanta wannan mujalla 'yan'uwa ne Musulmi, don haka ba wa'azi na zo yi ba, ko da na so ma ban iya ba. Tambaya ce nake so mu tauna tare, domin ta shafi duk wanda Allah ya ba wani abu, a ka ne, ko a murya, ko a hannu, ko a cikin gida. Bari in fara ba da labarin da bakina.

Yesu Almasihu ne ya kawo shi a matsayin misali, yana cikin Linjilar Matiyu, sura ta 25. Wani attajiri ne zai yi doguwar tafiya, sai ya kira bayinsa uku ya danƙa musu dukiyarsa. Akwai wani ma'aunin kuɗi na wancan zamani da ake kira talanti. Na farko ya ba shi talanti 5, na biyu 2, na uku 1, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Na farko da na biyu suka shiga kasuwa suka juya kuɗin, kowa ya ninka abin da aka ba shi. Na uku kuwa ya sami wuri ya haƙa rami ya binne nasa. Bayan an daɗe maigida ya dawo, aka zauna lissafi. Biyun farko suka sha yabo, aka ƙara musu girma. Na uku ya tono kuɗin ya kawo su cif, ya ce shi fa ya san halin maigidan, mutum ne mai tsanani, tsoro ne ya sa ya ɓoye. Maigida ya yi masa kaca-kaca, ya ce rago ne, ko ba komai ai da ya kai wa masu juya kuɗi an sami ɗan abin da aka samu. Aka ƙwace talantin aka ba mai 10, shi kuma aka kore shi waje.

To, jama'a, don Allah mene ne laifin wannan bawan? Bai ci ko kwabo ba. A ƙasar da za ka tura wa ƙaninka kuɗin gini daga Legas, ka dawo ka tarar da fili yadda ka bar shi, shi kuwa ya ƙara aure, ai wanda aka ba ajiya ya dawo da ita ba ragi, lambar yabo ya kamata a ba shi. Kuma binne kuɗi ba wauta ba ce a lokacin. Malaman Yahudawa na da sun ɗauki binnewa a ƙasa a matsayin hanyar da ta fi kowace aminci wajen tsare kuɗin ajiya. Mu ma kakanninmu a tulu suke zubawa su rufe a ƙuryar ɗaka. Mutumin nan ya bi maganar da duk muka tashi da ita, wato da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ina yaro har tausayinsa nake ji, ina ganin an raina shi ne aka ba shi ɗaya tal. Daga baya na fahimci talanti 1 ya kai dinari 6,000, dinari guda kuwa shi ne ladan lebura na yini. Ka lissafa, kusan ladan shekara 20 ke nan. Wanda aka ba mafi ƙanƙanta a labarin, abin da aka danƙa masa ya kai ƙuruciyar mutum ɗungurungum. Ba a raina shi ba. Shi ne ya dubi na hannun abokansa ya raina nasa, in ma har rainin ya shiga.

A majami'u idan ana koyar da riƙon amana, da wannan labari ake farawa. Koyarwar ita ce rai, da iyali, da baiwa, da lokaci, duk Allah ne ya bayar, mutum wakili ne kawai a kansu, kuma wata rana za a zauna lissafi. Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan magana, kalmar amana ma tare muke amfani da ita. Abin takaici, a wajenmu sau da yawa wa'azin yakan ƙare ne a kan ambulan. Da ka ji fasto ya ce makon nan makon riƙon amana ne, sai ka ga dattawa suna shafa aljihu, don sun san zancen zakka da baiko da rufin sabon gini za a yi. Ban ce kada a bayar ba. Amma in ɗaya bisa goma ne kaɗai na Allah, to sauran taran na wa ke nan? Kuma wa ya taɓa jin an tambayi mutum a gaban ikilisiya abin da ya yi da muryarsa, ko da yammacinsa, ko da 'ya'yansa mata?

Inda na daɗe ina tuntuɓe shi ne a kan kalma. Muna cewa rai kyauta ce daga Allah, 'ya'ya kyauta ne. To Bahaushe ya san kyauta. Idan ka ba ni riga kyauta, ba ka da bakin tambaya ta ina na kai ta, ko na sa ko na yi tsumma da ita. Wanda ya bi kyautarsa da lissafi, sunansa mai gori. Idan kuwa za a tambaye ni, to ba kyauta ba ce ke nan. Aro ne? Aro ana mayarwa yadda aka karɓa, kuma kayan aro ba ya rufe katara, ba ka sakin jiki da shi. Ajiya ce? Ita ajiya ma ba a taɓa ta ko kaɗan, kyawunta a same ta yadda aka bar ta. Bawan nan na uku ajiya ya ɗauka aka ba shi, kuma a hukuncin ajiya ba shi da laifi ko ɗaya. Kuskurensa tun daga nan yake. Jari aka ba shi, irin wanda maigida a Kantin Kwari ke ba yaronsa, ya ce je ka ka nema. Yaron da aka ba dila biyar na atamfa, ya kulle su a ɗaki shekara guda don kada a cuce shi, ya dawo da su ko ƙura babu, kai kanka ka san abin da maigida zai ce masa.

Sai dai ko jari bai gamsar da ni duka ba, don ya cika ƙamshin kasuwa, kamar Allah riba yake nema a wurinmu. Abin da na ga ya fi kusa shi ne wata al'ada ta Fulanin Nijar da ake kira habbanaye. Mai shanu zai ɗauki saniya ya ba wanda ba shi da ita. Ba sayarwa ba ce, ba kuma kyauta ba. Zai kiwata ta, ya sha nononta, ta haihu sau biyu ko uku, 'yan maruƙan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. An san masu riƙon irin wannan saniya da ji da ita fiye da nasu na kansu. Ka lura, amfanin duk na mai riƙo ne da iyalinsa, saniyar kuwa ba tasa ba ce, kuma akwai ranar mayarwa. Yanzu a ce an ba mutum habbanaye, sai ya ɗaure ta a turke a bayan ɗaki, ba kiwo, ba barbara, don tsoron kada kura ta kama ta a daji. Ya cuci kansa, ya cuci saniyar, ya kuma zagi wanda ya ba shi, domin ya nuna bai yarda alheri aka nufe shi da shi ba. Wannan shi ne zagin da bawan nan ya yi. Kafin ya ce komai game da kuɗin, halin maigidan ya fara kushewa.

Kalmar baiwa ma da kanta tana faɗin haka, abu ne da aka bai wa mutum, ba shi ya ƙera ba. Ita kuma kalmar Turanci da 'yan fim ke yawan jefawa a hira in suna nufin hazaƙa, daga sunan wannan kuɗi na talanti ta fito, ta dalilin wannan labarin.

Na ce da ni ake. A farkon shekarun 1990, lokacin da littattafan su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ke yawo hannu-hannu, ni ma na rubuta nawa. Ina koyarwa a wata firamare a lokacin. Littafin rubutu na 'yan makaranta guda shida na cika, da fitilar ƙwai, cikin damina biyu. Labarin wata yarinya ce a ƙauye irin namu, inda gida ɗaya za ka sami mai zuwa masallaci da mai zuwa majami'a da tsohon da bai bar tsafin kakanni ba, kuma tuwo ɗaya ake ci. Mutum biyu suka karanta, dukkansu suka ce in kai Kano a buga. Ban kai ba. Na ce wa kaina wa zai sayi littafin Hausa da suna irin nawa a bango? Na ce dattawan ikilisiya za su ce malami guda ya koma rubuta soyayya. Na ce sai na ƙara gyarawa. Na sa shi a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, na ɗora masa tsofaffin takardu. Bayan shekara goma sha wani abu za mu tashi daga gidan, na buɗe akwatin. Tsatsa ta huda gindinsa, gara ta shiga ta yi gini. Abin da ya rage bai fi cikin tafi biyu ba.

Ka ga ni ko darajar bawan nan ban samu ba. Shi azurfa ya binne, ya tono ta yadda take. Baiwa ba azurfa ba ce, in ka binne ta ƙasa ci take yi.

Kuma uzurina na suna ƙarya ne, na san haka tun a lokacin. Cikin littattafan nan biyar na farko da suka fito bayan gasar 1933, tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista mutumin Wusasa, ya rubuta tare da Rupert East. An yi shekaru ana karanta shi a makarantun Arewa, ban taɓa jin wanda ya ajiye shi saboda sunan John ba. Tsoro ne kawai, na sa masa rigar tawali'u.

Amma kada mai karatu ya ɗauka na gama da haushin labarin. Akwai wani giɓi a cikinsa da har gobe nake leƙawa. Bayi uku ne, biyu sun juya sun ci riba, ɗaya ya binne. Ina na huɗu, wanda ya shiga kasuwa da zuciya ɗaya, jarin ya karye? Mu kuwa irinsa muka fi gani. Duk wanda ya san harkar fim ya san furodusan da ya sayar da fili ko motarsa ya zuba a fim, masu satar fasaha suka riga shi kasuwa, ya koma gida da bashi. Marubuciya nawa ce ta buga littafi da kuɗin adashinta, ya ƙare a jibge a ƙarƙashin gado? Labarin bai kawo irinsu ba. Abin da na iya tsinta shi ne, mai 5 da mai 2 yabo iri ɗaya aka yi musu, ba a fifita mai yawan riba ba, kuma amincinsu aka yaba. Wanda aka kora kuma ba don hasara aka kore shi ba, don bai yi hasarar komai ba. A fahimtata, maigidan da ya rarraba dukiyarsa ya yi tafiya ba tare da ya bar mai gadi ba, ya riga ya yarda da yiwuwar hasara tun kafin ya sa ƙafa a hanya. Bawan ne ya ƙi yarda da abin da mai dukiyar ya yarda da shi.

Idan aka zo kan rai kansa, maganar takan yi nauyi. A 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba a garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu. Aka kawo ta asibitin mishan na Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta rayu, kuma daga wannan ne aka gano cutar da yau kowa ke kira zazzaɓin Lassa. Likitar asibitin, Dakta Jeanette Troup, ta ga duk wannan da idonta. Da cutar ta sake ɓarkewa a Jos a farkon 1970, ta tsaya tana duba marasa lafiya, tana binciken gawarwaki don a san yadda cutar ke kisa. Garin haka ta yanke a yatsa, ta kamu, ta rasu a watan Fabrairu na shekarar. Wani zai ce ai rai amana ne, me ya sa ta yi wasa da shi? Da ta hau jirgi ta koma gida, da wataƙila ta ga tsufanta. Ni ban ga wasa a nan ba. Akwai bambanci tsakanin direban da ke gudun ganganci da fasinja a hanyar Kaduna da likitar da ta tsaya a bakin aikin da aka ba ta iliminsa. Ɗaya zubarwa ya yi, ɗaya kashewa ta yi a inda aka aike ta. Da ta tsira da ranta ta hanyar gudu, da shi ma za ta mayar wa mai shi wata rana, don ba wanda ke riƙe shi.

Lokaci kuwa ko binne shi ba ya yiwuwa. A littafin Fitowa, da Isra'ilawa ke jeji ana sauko musu da manna, an ce kowa ya ɗebi na yini guda. Waɗanda suka ɓoye don gobe, da safe suka tarar ya yi tsutsa yana wari. Ranar jajibirin Asabar kaɗai aka yarda a ɗebi na kwana biyu, don a huta. Na kawo wannan ne saboda masu fakewa da baiwa su cinye lokacin kowa. Na san wani shugaban mawaƙan majami'a da kullum yana wajen koyon waƙa ko taron addu'a, 'ya'yansa sun girma ba su san zaman tsakar gida da ubansu ba. Shi a ganinsa juya talanti yake yi. Bai lura ba talanti biyu aka ba shi, ya juya ɗaya ya binne ɗaya. Na tabbata a lokeshan ma akwai irinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai, 'yata ce. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Tun tana ƙarama ita ke shirya wasan kwaikwayon Kirsimeti a majami'armu, ita ke raba wa yara rawar da za su taka, har ta gyara wa manya. In ta kwaikwayi gwaggona tana cinikin daddawa, sai kowa ya riƙe ciki. Bana ta gama sakandare, ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, ni fannin wasan kwaikwayo nake so in karanta a jami'a."

Na ce, "Uwata, ba ki ga aikin jinya ba? Ba ki ga koyarwa ba?"

Ta yi shiru, kanta a ƙasa. Na shiga jero mata dalilai, kuma ba na banza ba ne, masu karanta wannan mujalla sun fi ni sanin su: irin kallon da ake yi wa 'yar fim, maganganun da ke bin ta har gidan miji, masu yaudarar yara mata da alƙawarin fitowa a shiri mai dogon zango, ga zagin da ake kwasa a intanet. Na ce ni dai burina in ga na kai ta ɗakinta lafiya, ba abin da ya taɓa ta.

Da dare mahaifiyarta ta bari sai da yara suka kwanta, sannan ta ce, "Maigida, ita ma akwatin za ka sa ta?"

Ban amsa ba. Ita ce ta share ɓurɓushin takardun nan ranar da muka buɗe akwatin, ta kwashe a faranti ta zubar, ba ta ce mini komai ba sai yau.

Na kwana ina juyi. Na tuna a Jiki Magayi, attajirin nan da ya rasa haihuwa ya sa dukiya ya raba yarinya da saurayinta don ya sami ɗa, aka sami ɗan, ake kiransa Kyauta, kuma ta kan wannan Kyautar aka rama abin da ya yi, har yaron ya zama ajalinsa. Ya ɗauki ɗa abin mallaka, wanda ake samu ta kowane hali. Ni ban ƙwaci ta kowa ba, amma na lura hannuna a dunƙule yake kamar nasa. Na kuma tuna Hannatu, wadda ta yi shekaru tana roƙon ɗa, da aka ba ta Sama'ila ta yaye shi ta kai shi ɗakin Ubangiji ta baro shi wurin Eli, sai dai kowace shekara ta ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ba ta yar da shi ba, ba ta kuma ɗaure shi a turke ba.

Sai dai yarinya ba azurfa ba ce, ba saniya ba ce. In jari ya karye ana sake wani, ita kuwa ɗaya ce. Kuma baiwar tata ce, ba tawa ba, ita za a tambaya. Ni abin da aka ba ni riƙo ita ce kanta, har zuwa wani lokaci. Tsare ta aikina ne, ba zan bar wa kowa ba. Abin da nake ƙoƙarin rarrabewa shi ne, cikin tsoron nan nawa wanne ne na uba, wanne ne kuma tsohon tsoron nan na me mutane za su ce, wanda ya riga ya ci mini littafi shida.

Da safe na kira ta. Na ce ta kawo mini takardun makarantun da ke koyar da abin, mu duba tare, kuma duk inda za ta ni zan fara zuwa in ga wurin da malaman da idona. Na ce ban ce e ba tukuna. Ta ce, "Na gode, Baba," ta tashi da sauri kada in canza magana. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Baba, wai Mama ta ce ka taɓa rubuta littafi. Labarin mene ne?"

Na ce ta je ta ɗora ruwan shayi ta dawo, in ga abin da zan iya tunawa.